Yadda Ake Zaman Lissafin Kuɗin Gida Tsakanin Miji da Mata

Rabin buhun shinkafa ne ya jawo muka fara rubuta kuɗi a gidanmu. Maigidana ya sayo shi ranar da aka yi albashi, kwana 19 na ce masa ta ƙare. Bai ce uffan ba. Ya dubi buhun a ninke a bayan ƙofar kicin, ya dube ni, ya zura takalminsa ya tafi masallaci. Kallon nan ya fi mini zagi ciwo, don na san fassararsa: wai ɗiba nake ina aikawa gidanmu. Ni ma kuwa da nawa zargin a ciki, ina ganin akwai abin da yake samu yana ɓoye mini.

Da ya dawo bayan Isha'i, na ajiye masa takarda kusa da kwanon tuwonsa. Na jera bakunan da suka ci shinkafar: mu biyu, yara biyu, ƙaninsa da ke karatu a wajenmu, almajirin da ke mana aike, da baƙi uku daga ƙauyensu da suka zo jinya suka yi mako guda. Rabin buhu kwano 10 ne, ana dafa rabin kwano a rana, wata rana fiye. Lissafi ya fita da kansa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tashi ya zaro takardar albashinsa daga aljihun riga ya miƙo mini. A daren na fara ganin abin da ake yanke masa duk wata na rancen da ya karɓa ya biya hayar gidan da muke ciki, rancen da ban taɓa jin labarinsa ba.

Shekara 15 ke nan muna wannan zama duk wata, yanzu littafi na 6 muke ciki. Ƙannena da amaren unguwa da dama sun zo na nuna musu, wasu har da mazajensu. Abin da nake nuna musu shi ne wannan.

Kayan aiki

Littafi mai bango mai tauri, irin na 'yan kanti. Kada a yi da littafin makarantar yara, wata rana za a nemi takardar ƙunshin ƙuli a yage muku lissafin wata uku. Biro guda, a ɗaure shi da zare a jikin littafin. Kalkuletar da ke cikin waya ta wadatar. Ambulan 6, in babu a yi da ƙananan leda ko gwangwanayen madara masu murfi, a rubuta suna a jikin kowanne. Kalanda mai ɗauke da watannin Miladiyya da na Hijira tare. Takardar albashi ko saƙonnin alat na wata 3 da suka wuce. Ɗan kasuwa ya zo da littafin shagonsa. Sai awa guda da babu baƙo, yara sun yi barci, an kife wayoyi.

Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, lamba ai lamba ce. In duka babu, a riƙa faɗin abin da aka kashe a saƙon murya ta WhatsApp, ƙarshen mako wanda ya iya rubutu a cikinku ya saurara ya kwafe.

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata ku shiga da ita, domin duk abin da zai biyo baya a kanta yake zaune. A shari'a ciyarwa, tufatarwa da muhalli suna wuyan miji, gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Dukiyar mace kuwa, sadakinta ne ko albashinta ko ribar sana'arta, tata ce. Abin da ta saka a gida kyautatawa ce, tana da lada a kai. Saboda haka kuɗi iri uku ne a gidan aure: nasa, nata, da na gida. Littafin nan na kuɗin gida ne.

Mataki na 1: Buɗe maganar

A nan mafi yawa suke ɓata abin tun kafin a fara. Ba a tayar da zancen kuɗi mutum yana shigowa da gajiya, ko yana bakin ƙofa zai fita, ko a gaban yara da 'yan uwansa, ko ana tsakiyar wani faɗan. Ki nemi lokaci tun da wuri, ki faɗi abin da za a yi. Ni ga yadda nake koya wa ƙannena su ce: "Malam, ranar Asabar bayan Isha'i ina son ka ba ni rabin awa. Na rubuta abin da muke kashewa, ina son ka duba mini ko akwai inda za mu rage." Kin ga babu tuhuma a ciki, kuma ke kika fara buɗe naki.

In kai ne maigida mai son farawa, ka guji cewa "daga yau duk abin da na ba ki ki rubuta." Abin da za ta ji shi ne ka mayar da ita ɓarauniya. Ka fara rubuta naka, man babur, katin waya, shayin da ka sha a bakin kasuwa, ka ajiye littafin a inda za ta gani, sannan ka ce ta taya ka.

Akwai mazan da tun suna yara suke jin cewa mace ba ta sanin samun miji. In naki irinsu ne, kada ki matsa sai ya faɗi albashinsa. Ki yi lissafin abin da ke bi ta hannunki kaɗai, wata biyu ko uku, kina nuna masa. Na ga gidaje da yawa da miji ya buɗe nasa da kansa bayan ya ga cewa takardar matarsa kullum tana fita daidai.

Mataki na 2: Wata guda ana rubutu kawai

Kada ku rage komai, kada ku canja komai a wannan watan. Ku dai rubuta. A ja layi a shafi gida uku: kwanan wata, abin da aka saya, kuɗinsa. A rubuta a daren ranar, domin gobe an manta. Manyan abubuwa ba su ɓacewa, kowa zai tuna ya sayi buhun masara. Ƙananan ne ke zurarewa: kuɗin niƙa, jarkar ɗan garuwa, kuɗin tara na yara, kuɗin Laraba na makarantar allo, dunƙulen miya, omo, cajin mai POS, data, sadakar bakin ƙofa, kuɗin adaidaita zuwa barka.

Ƙarshen wata ku tara kowane iri wuri guda. Ku shirya ganin abin da ba ku zata ba. A watanmu na farko mun tarar cewa abin da muke kashewa a katin waya da shayin waje ya kusa kuɗin gawayin wata. Sharaɗi ɗaya: duk abin da littafi ya tona a wannan watan ba a faɗa a kansa. Ranar da aka yi wa mutum gori da abin da ya rubuta da hannunsa, daga ranar zai fara rubuta ƙarya.

Mataki na 3: Shimfiɗa abin da ke shigowa da bashin da ake bin ku

Mai albashi ya rubuta abin da ke faɗowa asusunsa bayan an gama yanke-yanke. Alawus ɗin da ba kullum yake zuwa ba a bar shi a gefe, in ya zo a yi masa wurinsa daban. Wanda samunsa yau da gobe ne, ɗan kasuwa ko tela ko mai adaidaita sahu, ya duba wata 6 da suka wuce ya ɗauki watan da ya fi kowanne ƙaranci, a kansa za a gina kasafi. Kuskuren da ya fi kashe ƙananan 'yan kasuwa shi ne ɗibar cefane kai tsaye daga aljihun ciniki. Ka yanka wa kanka albashi daga riba, na mako ko na wata, jari kuma ya zama kamar na wani ne aka ba ka amana.

Sai uwargida ta faɗi abin da ta ga za ta iya sakawa, in tana da shi kuma ta yi niyya. Ta ambaci adadi ko ta ɗauki wani fanni, a ce ita ce da kuɗin Islamiyyar yara da sabulu. Na fi son ɗaukar fanni, ya fi tsabta, kowa ya san iyakarsa. Maigida kuma ya kiyaye: taimakon da aka yi maka wata uku a jere bai zama wajibi ba a na huɗu.

A shafi na gaba a rubuta bashi duka, har da ɗari biyar ɗin mai kanti. Wa ke bi, nawa ne, yaushe aka yi alkawari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu abin kunya a faɗinsa. Wanda aka ɓoye shi ne mai rushe gida, ranar da mai kuɗi ya yi sallama a zaure matar gida ta ji a bakinsa.

Mataki na 4: Kalandar shekara

Wannan shi ne matakin da ya fi canja mana rayuwa. Yawancin abin da muke kira "ta taso" a gaskiya mun san ranar zuwansa. Haya tana da watanta. Kuɗin makaranta zango uku ne, Satumba, Janairu da Afrilu. Azumi da Sallah biyu kowa ya san suna tafe, sai dai duk shekara suna matsowa da kimanin kwana 11, shi ya sa na ce kalanda ta zama mai Hijira. Mai ɗa a ajin ƙarshe na sakandare ya san WAEC da NECO da JAMB suna jiransa. Mai ciki ta san watanta, ta san akwai suna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku jera su, ku sa wa kowanne kuɗi, ku tara, ku raba gida 12. Ga misali, lambobin na koyo ne, ku sa naku:

Haya: N360,000
Makarantar yara, zango uku: N270,000
Ƙarin hidimar azumi da ɗinkin Sallah: N120,000
Ragon layya: N150,000

Jimla N900,000, a raba 12, N75,000 ke nan duk wata. Wannan kuɗin shi ake fara cirewa ranar da albashi ya shigo, kafin a sayi ko gishiri. Ku ɗan ƙara wani abu a kan farashin bara. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk wanda ya yi kasafi da farashin bara cif-cif ya san yadda ta kaya.

In jimlar ta fi ƙarfinku, gara ku gani yanzu a takarda, akwai sauran watanni a gaba da za a yi dabara. Layya ga mai iko take. Wanda ba shi da shi ya shiga watanda yara su ci nama, babu laifi a kansa. Mai fili a tsakar gida ya sayi ɗan tinkiya bayan Sallah lokacin da kasuwar dabbobi ta faɗi, a kiwata shi da dusa da ƙaiƙayi da harawa har wata shekara. Kayan Sallar yara a saya a kai wa tela tun a Rajab ko Sha'aban.

Mataki na 5: Raba kuɗin wata

A ce abin da ke shigowa N300,000 ne. An cire N75,000 na shekara, saura N225,000. Ga yadda za a iya zuba shi a ambulan: abinci da cefane N120,000, wuta, ruwa da gas ko gawayi N25,000, sufuri N30,000, iyaye da dangi N20,000, ajiyar ko-ta-kwana N15,000, kuɗin aljihu na ku biyu N15,000. Na san gidaje da yawa ba su samun rabin haka, mafi ƙarancin albashi ma da aka sa wa hannu a Yulin 2024 N70,000 ne. Tsarin dai ɗaya ne, ambulan ne za su yi sirara. Ko N1,000 ce a sa wani abu a na ko-ta-kwana.

Kuɗin cefane a riƙa bayarwa mako-mako. Na kullum yana da illa biyu: sayen ƙulli-ƙulli ya fi tsada, kuma mace ta wayi gari kullum tana miƙa hannu, ranar da ya fita da asuba bai bari ba a wuni ana jira. Na wata guda kuma, a hannun wanda bai saba ba, yakan ƙare ranar 20.

Ku yanke maganar ragowar cefane tun yau, a fili. A gidanmu abin da na yi tattali ya ragu nawa ne, shi ya faɗa da bakinsa, kuma an rubuta a bangon littafi. Wasu gidajen asusu ake zuba shi a fasa da azumi. Kowanne ya yi, muddin an faɗa. Akwai matan da ke kafa hujja da hadisin Hindu matar Abu Sufyan, wadda Manzon Allah (SAW) ya ba ta izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Wannan a kan mijin da yake da shi ya hana ne. Bai zama lasisin lalube aljihun mutumin da ke iya ƙoƙarinsa ba.

Kuɗin aljihu kuwa kada ku raina shi. Kowa ya samu ɗan abin da ba za a tambaye shi ina ya kai ba, ita ta sayi lallenta ko ta sa wa mahaifiyarta kati, shi ya yi hidimar majalisarsa. Kasafin da ya ƙulle mutum tamau ba ya wata uku.

Masu amfani da banki su buɗe asusu na biyu na kuɗin shekara, kada a karɓi katin ATM a kansa, kada a haɗa shi da manhajar waya. In ambulan ɗaya ya ƙare kafin lokaci, ba a taɓa wani a ɓoye. A faɗa, a rubuta "an ara daga kaza."

Mataki na 6: Awo da kaka

Abinci shi ne ya fi cin kuɗi, don haka nan ne tattali ya fi tasiri. A yawancin shekaru hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada a tsakiyar damina. Littafin mataki na 2 ya riga ya gaya muku kwano nawa kuke ci a wata. Babban buhun hatsi kwano 40 ne, sai ku lissafa na wata 6 ko na shekara. Mutanen Kano ga Dawanau a hanyar Katsina, amma kasuwannin ƙauye ranar cinsu sukan fi sauƙi in kuɗin mota bai cinye ribar ba. In kuɗinku bai kai buhu ba, ku haɗa da maƙwabta biyu ko uku a saya a raba. Ku sayi na ci kawai. Sayen hatsi don a ɓoye a jira tsada wata harka ce daban, kuma akwai shekarun da farashi ke faɗuwa ya bar mutum da asara.

A tabbata hatsi ya bushe sarai, a ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa siminti. Wake a sa shi a buhun PICS mai ninki uku ko a jarka mai murfi a toshe, rashin iska ke kashe ƙwarin. Ina roƙonku da Allah, ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu kada a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana, iskar da take fitarwa guba ce mai kisa. Tumatir da tattasai da attaruhu suna araha da sanyi lokacin da na noman rani ya fito, su yi tsada gab da damina. A yanka a shanya, a daka barkono, a busar da kuɓewa. Kauɗar da na shanya a Fabrairu ita ke riƙe mini miya a Yuni.

Mataki na 7: Iyaye, dangi da biki

Faɗan kuɗi da yawa in ka bi diddiginsa na dangi ne. Ita tana ganin komai gidansu yake kaiwa, shi yana ganin danginta sun fi zuwa da buƙata. Hajiyarsa haƙƙinta ne ya kula da ita, kada ki taɓa sa kanki tsakaninsu. Abin da za ki nema shi ne a sa adadin a littafi don a san da shi. Kai kuma maigida, ka sa surukanka a lissafin azumi da Sallah ba sai an tuna maka ba. Ɗan sukari da gero da ka aika da kanka ya fi abin da za ta roƙa ta kai.

Buƙatar ƙanne da 'yan uwa daga ambulan dangi take fita. In ya ƙare, amsa ita ce "wannan watan an riga an rufe, in Allah ya kai mu wata mai zuwa." Wanda danginsa ne shi zai faɗa musu, kada a bar ɗayan ya zama mugu a idonsu. Rashin lafiya daban ne, wannan ajiyar ko-ta-kwana ake taɓawa.

Anko kuwa ra'ayina a kansa a fili yake: na 'yan uwa na jini da aminiya ɗaya ko biyu, sauran a sa mai kyau cikin na akwati a je a yi Allah-sanya-alheri. Gudummawa a rubuta wadda aka kawo muku da wadda kuka kai, a shafin ƙarshe na littafi, domin biki rance ne.

Mai mata fiye da ɗaya ya ware wa kowane ɗaki shafinsa, ya zauna da kowacce ita kaɗai. Abincin da ake ci tare a yi lissafinsa a gaban kowa. Abin da ya shafi ɗaki a auna da yawan bakin da ke cikinsa, a kuma bayyana ma'aunin. Sirrin sana'ar wata ko bashinta ba ya tsallakawa ɗakin abokiyar zamanta.

Mataki na 8: Inda ake ajiya

Burin ajiyar ko-ta-kwana shi ne ta kai abin da zai riƙe gida wata 3 in samu ya tsaya. Za a daɗe kafin a kai, mu sai da muka shekara huɗu. Ku rubuta abin da ya halatta a taɓa ta saboda shi: asibiti, rasuwa, tsayawar albashi, gobara. Sabuwar waya ba ta ciki.

A raba ta biyu, kaɗan a gida tsaba, mafi yawa a banki. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane da kuɗinsu a asusu suna kwana a layin ATM, ba zai bar gida babu ko sisi ba. Mai gudun kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa harka da shi, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ da Lotus. A tabbata duk inda za a ajiye yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya in banki ya durƙushe, wadda tun 2024 take lamunce har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci. Kuɗin da ba za a buƙata ba sai bayan shekaru, hauhawar farashi na cin sa a zaune. Shi ya sa iyayenmu mata suke mayar da shi akuya ko ɗan kunnen gwal. In gwal ne a adana rasit. In dukiya ta kai nisabi ta shekara, a tuna da zakka, ɗaya cikin 40.

Adashe yana da kyau ga kuɗin haya da na makaranta, in an nemi kwasar da ta dace da watan biyan. Ku san uwar adashe da gidanta, ku san sauran masu zubi, kuma kada zubi ya fi abin da za ku iya a watan da ya fi tsanani. Kowa ya sanar da abokin zamansa adashen da yake ciki. Abu biyu kuma ku yi musu katanga: manhajojin ba da rance a waya, masu ɗora ruwa mai nauyi su kuma bi lambobin da ke wayarka suna tozarta ka, da duk harkar da aka ce zuba kaza ka kwashi ninki cikin wata. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, gobe da wani sunan za ta dawo.

Mataki na 9: Rance tsakaninku

In maigida ya karɓi kuɗin matarsa, a faɗa tun a lokacin: kyauta ce ko rance? In rance ne a rubuta adadi da ranar biya, kowa ya sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire ma'aurata ba. Na san matar da ta sayar da sarƙarta aka yi rufin gida, mijin ya rasu, aka zo rabon gado babu takarda babu shaida, ta tashi da tumunin takaba kaɗai. Mijin ba azzalumi ba ne, cewa yake "ai duk ɗaya ne." In kun haɗa kuɗi kun sayi fili ko mota, takardar ta nuna rabon kowa. Haka nan kowannenku ya san bankin ɗan uwansa, inda takardun fili suke, wa yake bi, wa ke bin sa.

Mataki na 10: Zaman wata-wata

Ku tsayar da rana, mu daren da ya biyo bayan shigar albashi ne. Masu samun yau da gobe su ɗauki daren Juma'ar ƙarshen wata. In maigida yana ci-rani a Legas ko Abuja, a ɗauki hoton shafin a tura masa, a yi zaman ta waya. Tsarin ba ya canjawa: a fara da bismillah, a karanta abin da ya shigo, a duba kowane ambulan abin da aka sa da abin da aka kashe, a duba shafin bashi, a leƙa kalanda a ga me ke tafe cikin wata biyu, sannan a raba na sabon wata. Rabin awa ya isa in an saba.

Ku riƙa magana da lamba. "Gas ya haura da N4,000, me ya faru?" tana da amsa, wataƙila baƙi aka yi ko kilo ya tashi. "Ke dai ba ki da tattali" ba ta da amsa sai wani faɗan. Kowa ya faɗi abu guda da ɗayan ya yi daidai a watan. Mutumin da ya yini a rana ya kawo, da wadda ta juya ɗan kaɗan ya ishi gida, duk suna son a ce sannu. In murya ta fara tashi, a rufe littafi a ɗage zuwa gobe, amma a ambaci goben, kada ɗagewa ta zama bari. In abu ya ci tura wata da watanni, a nemi mutum ɗaya mai riƙon sirri da ku biyu kuka yarda da shi, malami ko wani babba, ba taron dangi ba.

Yara in sun kai shekara 10 zuwa 12 a fara jawo su gefen abin. Ba sai sun san albashi ko bashi ba. A ba yarinya kuɗin cefanen yini ta rubuta ta kawo canji, a ba yaro kuɗin tararsa na mako a dunƙule ya koyi jan sa zuwa Juma'a. Babbar 'yata ita ke rubuta shafin cefane yanzu, ni dubawa kawai nake.

Wata zai zo da za ku yi sakaci, a yi haihuwa ko tafiya, a wayi gari mako uku babu abin da aka rubuta. Kada ku zauna ƙoƙarin tuno abin da ya wuce, ba zai fita daidai ba, sai gardama. Ku ja layi a ƙarƙashin inda aka tsaya, ku ƙirga abin da ya rage a kowane ambulan, ku rubuta shi da kwanan watan ranar a sabon shafi, ku ci gaba daga nan.